Na sayi kwamfuta uku saboda shagunana, ina ribar take?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina sayar da taki da iri da maganin feshi a Gombe, ina kuma da reshe a Kumo da Bajoga. Bara ɗana da ya gama jami'a ya matsa mini na sayi kwamfuta uku da firinta da sola da manhajar lissafi, kuɗi suka kusa naira miliyan 3. Shekara ta zagayo ban ga riba ta ƙaru ba, yara ma sun koma kan littafi. Yanzu kuma ana ce mini sai an buɗe mini shafin sayar da kaya a intanet. Shin wannan fasaha tana ƙara wa ɗan kasuwa irina wani abu, ko ta manyan kamfanoni ce?

Amsa: Wa alaikumus salam, Alhaji. Allah ya ƙara buɗi.

Tana ƙarawa, amma ba ta hanyar da aka nuna maka ba. Sana'ata lissafin kuɗi ce, na daɗe ina shiga shagunan 'yan sari a Gombe da Bauchi ina duba musu littattafai, kuma kwamfutar da aka lulluɓe da tsumma a lungun shago ba baƙuwata ba ce. Kusan duk inda na same ta labarin ɗaya ne. An sayo na'ura, amma yadda ake fitar da kaya, da yadda ake ba da bashi, da yadda kuɗi ke barin akwati, ko ɗaya ba a taɓa ba.

Kwamfuta ba ta sayar da buhun taki. Iyakar abin da ta iya shi ne ta gaya maka abin da ba ka sani ba game da dukiyarka, ta kuma gaya maka da wuri. Kuɗi suna shigowa ne ranar da maganarta ta sa ka fasa saro wani kaya, ko ka hana wani bashi, ko ka gyara farashi yau maimakon mako mai zuwa. To ni ma bari in tambaye ka: a duk shekarar nan, akwai rana guda da ka duba allon nan sannan ka sake shawara? In babu, miliyan ukun nan ba su fara aiki ba tukuna.

Manyan kamfanonin da kake zance ma sun sha wannan. A 1987 Robert Solow, masanin tattalin arziki na Amurka da ya ci kyautar Nobel a shekarar, ya yi shaguɓe cewa ana ganin kwamfuta ko'ina, sai a alƙaluman abin da ake samarwa ne kaɗai ba a ganin ta. Sai wajen tsakiyar shekarun 1990 alƙaluman suka motsa. Labarin da ya fi kama da naka ma na lantarki ne. Ka san injin niƙa, yadda bel ke ɗauko juyi daga inji. Haka masana'antun Turai da Amurka suke a da: ƙaton injin tururi guda yana juya wani dogon ƙarfe da ya ratsa ɗakin, kowace na'ura an ɗaura ta da bel a jikinsa. Da lantarki ya zo a shekarun 1880, masu masana'anta suka cire injin tururi suka dasa ƙaton injin lantarki a gurbinsa, sauran komai suka bar shi yadda yake. Amfanin bai taka kara ya karya ba. Sai a shekarun 1920, bayan kusan shekara 40, da aka ba kowace na'ura ɗan injinta, aka sake jera su bisa yadda aiki ke wucewa daga hannu zuwa hannu, sannan aka ga bambanci. Shagunanka a matakin farkon nan suke.

Mu sauko kasuwa.

A harkar taki da maganin feshi ribar da ke kan buhu ko katan siririya ce, kai ka fi ni sani. Abin da ke raba wanda ya ci damina da wanda damina ta ci shi ne sau nawa jari ya juya kafin ruwa ya ɗauke. A ce jarinka miliyan 20 ne, kana samun naira 5 a kan kowace 100. In ya juya sau uku ribarka miliyan 3, in ya juya sau biyar miliyan 5, ba ka ƙara sisi a jari ba, ba ka ƙara a farashi ba. Abin da ke hana shi juyawa kuwa kayan da ke kwance ne. Maganin kashe ciyawa na kafin shuka kasuwarsa ta 'yan makonni ce a farkon damina. In ruwa ya zauna aka yi shuka, an wuce wurin. Ba sau ɗaya ba, ba sau biyu ba, na tarar da katan-katan jibge a siton wani reshe ƙura ta rufe su, alhali a ɗaya reshen ana ta mayar da manoma hannu rabbana saboda irinsa ya ƙare, maigida kuma ya riga ya tura kuɗi Kano a ƙaro. Tsakanin Kumo da Bajoga ba nisan da mota ba za ta kai kaya a yini guda ba. Abin da ya hana kawai shi ne babu wanda ya san abin da ke siton ɗan'uwansa.

Ga kuma ranar lalacewa da ke jikin kowace kwalba, ga iri da in ya daɗe cikin zafi tsirarsa take raguwa. Manhaja ko mafi araha ce za ta iya jero maka kayan da saura wata uku su lalace, ka karya musu farashi ko ka tura su wajen masu noman rani na Dadin Kowa, ka ceci uwar kuɗi. Amma sai in an shigar da ranar tun lokacin da aka sauke kayan daga mota. In ba a shigar ba, ita ma ba ta san gaibu ba.

Farashi shi ma haka. Tun da aka saki naira kasuwa ta yanke mata daraja a watan Yunin 2023, dala ta tashi daga wajen naira 460 ta haura 1,500 a farkon 2024, kuma yawancin magungunan nan daga waje suke zuwa ko da sinadaran waje ake haɗa su. 'Yan kasuwa da yawa sun sayar da kaya suna murnar riba a kan farashin da suka saya, da suka koma saro sai kuɗin ya kasa ɗauko adadin katan ɗin da suka sayar. Yaron Bajoga yana ta sayarwa a farashin makon jiya domin ba wanda ya kira shi. Gaskiya wannan ko saƙon WhatsApp na kowace safiya ma ya isa ya magance shi, in dai za a riƙe shi a matsayin doka.

Inda kuɗinka suka fi nutsewa, in ban yi kuskure ba, shi ne bashi. Kasuwarka ba ta tafiya sai da shi. Manomi ya ɗauki taki a watan Yuni ya ce sai kaka, mai ƙaramin shago a Dukku ko Deba ya ɗauki katan goma ya ce sai ranar kasuwa. Littafi yana riƙe suna da adadi, amma ba zai tashi ya gaya maka wane ya wuce wa'adi da kwana 90 ba, ko cewa mutum guda yana da shafi a Gombe yana da wani a Kumo, yana biyan wancan da kayan wannan. A ƙarshen 2024 hauhawar farashi ta haura kashi 34 cikin 100. A irin wannan shekara, miliyan ɗaya da ta shekara a hannun mai bashi, ranar da ya kawo ta cif-cif kuka yi musabaha kana sa masa albarka, kusan kashi ɗaya cikin huɗu na ƙarfinta ya riga ya tafi. Ba za ka ɗora masa kuɗin ruwa ba, Allah ya kiyaye. Abin da ya rage a hannunka shi ne ka san mai cika alkawari ka ƙara masa, ka rage wa mai jan ƙafa, kuma ka tuna wa mutum tun wa'adi bai yi nisa ba, lokacin da hatsinsa ke kasuwar Tudun Hatsi, ba bayan ya yi bikin 'yarsa da kuɗin ba. Masu ganin rubuta komai alamar rashin yarda ce, nakan tuna musu cewa ayar da ta fi kowace tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi da wa'adinsa take, ƙarami ne ko babba. Zakka ma ɗaya bisa arba'in ɗin me za a fitar, in mutum bai san ƙimar kayan sitonsa da bashin da yake sa ran karɓa ba? Kintace kawai ake yi.

Yanzu ka yi mini afuwa, ranka ya daɗe, zan taɓa inda ke da zafi.

An taɓa kira na wani babban shago a Bauchi saboda lissafin kwamfuta da na sito sun ƙi haɗuwa, har an fara zargin wani yaro, an kusa kai shi wurin 'yan sanda. Kwana huɗu muka yi muna bin rasit ɗaya bayan ɗaya. Giɓin da muka samu, mafi yawansa daga maigidan ne da kansa. Ya yi waya ya ce a ba amininsa buhu biyar za su yi magana, a ɗauki dubu 50 a kai gida na cefane, a ba masu gyaran masallacin unguwa abin da ya sawwaƙa. Duk alheri ne, kuma dukiyarsa ce, ba mai tuhumarsa. Amma ba a rubuta ba, kuma wane yaro ne zai ce wa ubangidansa tsaya in shigar? In aka yi haka sau biyu sau uku, adadin da ke allo ya saɓa da abin da ke ƙasa, kowa ya daina yarda da allon, sai a koma littafi. Ban shiga shagunanka ba, amma ina kyautata zaton abin da ya faru bai yi nisa da wannan ba. Maganinsa ba tsada. A buɗe shafi guda da sunanka a cikin manhajar, duk abin da ka ce a ɗauka, na gida ne ko na kyauta, a rubuta shi a nan. Ka ci gaba da alherinka yadda ka saba. Ranar da yara suka ga kai ma sai an buga maka rasit, rabin aikin ya ƙare.

Su kuma yara, duba ta ɓangarensu. Wanda ya shekara takwas yana yi maka hidima, yana jiran ranar da za ka sallame shi da jari, rana ɗaya ɗan maigida ya dawo daga jami'a da na'urar da ke ƙirga bayansa. Ba sai an gaya masa ba, ya san an kira shi ɓarawo a fakaice. Sannan a shaguna da yawa babu albashi tsayayye. Ɗan abin da yaro ke ɗorawa a saman farashi da shi yake rufa wa kansa asiri, kowa ya sani an kau da kai. Rasit mai farashi a buge yana toshe wannan ƙofa. In ka toshe ba ka buɗe wata ba, duk mako sai an ce firinta ta lalace. Ka yanka musu kamasho a kan cinikin da aka shigar, ta yadda rasit zai zama shaidar haƙƙin yaro, shi da kansa zai riƙa goge wa na'urar ƙura. A kuma sauƙaƙa musu aikin. A watan Yuni da mutum ashirin ke tsaye a bakin shago, ba yaron da zai tsaya neman dogon sunan sinadari da Turanci. Manomi cewa yake a ba shi mai jan murfi ko mai hoton masara, to a sa wa kayan sunan da ake kiran su da shi a kasuwa.

Ɗanka bai yi laifi ba. Ya san na'ura bai san kasuwa ba tukuna, kai ka san kasuwa ba ka duba na'ura. Kada a mai da shi ɗan sandan yara. Aikinsa ya kawo maka takarda guda kowace Juma'a, ku zauna ku biyu, kai ka faɗi abin da za a yi.

Akwai kuma wani abu da masu tallar na'ura ba sa faɗa: ba duk amfanin fasaha ke zama a aljihun wanda ya saye ta ba. Kafin wayar salula ta shigo Najeriya a 2001, wanda ya kwana a Dawanau ya dawo Gombe da farashi a kansa ya riga kowa. Wata masaniyar tattalin arziki, Jenny Aker, ta bi kasuwannin hatsi na Jamhuriyar Nijar daga 2001 zuwa 2006, lokacin da sabis ke shiga gari-gari, ta gano cewa bambancin farashin hatsi tsakanin kasuwanni ya ragu da kashi 10 zuwa 16 cikin 100. Kasuwa ta gyaru, amma ratar da mai labari ke ci ta tsuke, domin labarin ya zama na kowa. POS da taransfa ma haka. A farkon 2023, lokacin canjin takardun 200 da 500 da 1,000, da tsabar kuɗi suka yi ɓatan dabo, mai asusu da na'ura ya yi ta ciniki maƙwabcinsa na kallo. Yau mai shayi da mai rake ma suna da lambar Moniepoint ko OPay a manne. Rashinta zai kore maka mai saye, samunta kuma ba ya sa ka fi kowa. Irin kwamfutarka, maƙwabcinka zai iya sayen ta gobe. Abin da ba zai samu a kasuwa ba shi ne tarihin shagonka na damina uku ko huɗu: wa ke sayen me, a wane wata, wane ƙauye ya koma noman riɗi ya bar auduga, wa ke biya kafin a tambaye shi. Da wannan za ka san abin da za ka saro tun watan Afrilu kafin farashi ya tashi.

Taransfa kuma ta zo da ɓarakarta. Akwai alat na bogi, akwai kuma kalmar nan da ta cinye jarin mutane da yawa: “Sabis ba ya yi, tura a nawa.” Kowane shago ya kasance da asusunsa da sunan kasuwancin da ka yi wa rajista a hukumar rajistar kamfanoni ta CAC, kada a gauraya shi da asusunka na kai. Kaya ba ya fita sai an ga kuɗi a cikin manhajar bankin, ba saƙon tes ko hoton da mai saye ya nuna a wayarsa ba. Kowace yamma kafin a rufe, a haɗa tsabar kuɗi da taransfa da bashin ranar, su yi daidai da rasit. Bayan shekara, bayanin asusun nan shi za ka ajiye a gaban kamfanin taki in kana neman su riƙa ba ka kaya kai tsaye ko su ɗaga maka ƙafa wajen biya. Ya fi rantsuwa aiki.

Ka kuma sa a lissafi cewa kuɗin saye somin taɓi ne. Batirin sola yana mutuwa, takardar firinta tana ƙarewa, wasu manhajoji duk shekara sai an sabunta, data ma a watan Janairun 2025 hukumar sadarwa ta NCC ta amince a ƙara farashin kira da data da kashi 50 cikin 100. Ranar 14 ga Maris 2024 wayoyin intanet da ke ƙarƙashin teku suka katse a gaɓar Afirka ta Yamma, bankuna da dama suka yi ta fama. Saboda haka tambayi wanda ya sayar maka da manhajar: tana aiki in babu sabis? In mun rabu da kai, zan iya fitar da lissafina gaba ɗaya a Excel in tafi da shi? In kwamfutar ta ƙone ko aka sace ta yau, ina kwafin yake? Na san ɗan kasuwar da mai haɗa masa manhaja ya bar gari ya canza layi, lissafin shekara biyu ya maƙale ba mai iya buɗewa. Kowane yaro kuma da lambar sirrinsa. In duk shago lamba guda ake amfani da ita, ranar da aka goge rasit ba za ka san hannun wa ba ne.

Shafin intanet kuwa, a dakata. Manomin Nafada ba zai buɗe shafi ya zaɓi yuriya ya biya da kati ba. Kira zai yi, ko ya turo saƙon murya, domin yana so ya ji daga bakin wanda ya yarda da shi cewa maganin ba jabu ba ne. Abin da zai kawo maka ciniki a kusa shi ne lambobin masu saye da ka riga ka sani. Tara su gari-gari, kafin ruwan farko a tura musu murya da Hausa, da Fulatanci inda ya dace, cewa kaya sun iso ga farashi, wanda ya yi oda a ɗora masa a motar ranar kasuwa. Sai dai lambobin nan amana ne, kuma tun 2023 akwai dokar kare bayanan mutane a ƙasar nan. Kada a ba wani su, kada kuma a kuskura a watsa sunan mai bashi a guruf don a kunyata shi. Za ka rasa shi, ka rasa danginsa.

In ni ne, ba zan ƙara sayen komai ba a bana, kuma ba zan tayar da shaguna uku lokaci guda ba. A fara da Gombe inda idonka yake. A zaɓi rana guda kafin kayan damina su fara sauka, a rufe sito, kai da kanka ka tsaya a ƙirga komai, buhu-buhu, katan-katan, da ranar lalacewarsa, a shigar. A ɗauko littafin bashi a kwashe shi duka, kowane suna da ranar da ya ɗauka da ranar da ya ce zai biya, har da waɗanda kake jin nauyin tambaya. Daga ranar, ko kwalba ɗaya ba ta fita ba rasit. Takardar Juma'ar da ɗanka zai kawo kada ta wuce abu uku: kayan da suka yi wata biyu ba su motsa ba, bashin da ya wuce wa'adi, da giɓin da ke tsakanin rasit da kuɗi. Rubuta adadin ukun nan na makon farko ka ajiye a aljihu, bayan kaka ka fito da shi ku gwada da na lokacin. In sun ragu, a kai tsarin Kumo, yaron Gombe da ya ƙware shi zai je ya koya musu, ba ɗanka ba. Bajoga ta biyo baya. Kafin nan a kwaso kwamfutocin rassan biyu a dawo da su Gombe, ɗaya ta zauna a ƙofar sito, ɗaya a ajiye saboda ranar da ta shago za ta ƙi tashi.